Ɗakin Ƙarƙashin Ƙasa: A Fara da Ruwa Kafin a Zo Maganar Zafi

Darasinmu na wannan fitowa a kan wani ɗaki ne da mafi yawanmu ba mu taɓa kwana a cikinsa ba, wato ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wanda Turawa ke kira besmen. Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Akwai ruwanmu kuwa. Mu 'yan sashen gine-gine da zanen gini, littattafan da muke karantawa cike suke da shi. Manyan gine-gine da dama a Abuja da Legas suna da wurin ajiye motoci a ƙarƙashin ƙasa, wata rana ɗayanmu ne zai tsaya a kan irin wannan aikin. Sannan mai ɗan uwa da ya tafi karatu Kanada ko Amurka ya tambaye shi inda ya fara sauka, ba mamaki ya ce a besmen ne, don hayarsa ta fi sauƙi.

Tambayar ita ce: yaya ake gyara irin wannan ɗaki ya rage shan wuta da gas, ya kuma rage cutar da muhalli? Kowa ka tambaya sai ya ce a sa makarin zafi, abin da muke cewa insuleshan a aji. Gaskiya ne, amma shi ne aiki na uku. Ruwa ne na farko, iska ta biyu. Wanda ya juya wannan jerin, kuɗinsa kawai zai binne.

Mu fara da dalilin da ya sa suke haƙa ɗakin tun asali, don ba gayu ba ne. Ruwa idan ya daskare yakan ƙara girma da wajen kashi 9 cikin 100. A ƙasashen sanyi ƙasa kanta tana daskarewa da hunturu, ta kumbura, ta ɗaga duk abin da aka ɗora mata. Fandishon da ya tsaya a wannan sashe sai ya yi ta hawa da sauka duk shekara har bango ya tsage. Dole kenan a kai shi ƙasa da inda sanyin ke isa. A jihar Minesota ta Amurka dokar gini ta ce ƙafa 3 da rabi a kudancin jihar, ƙafa 5 a arewacinta, wato daga mita 1 da 'yan kai zuwa mita 1 da rabi. To tunda an riga an yi wannan haƙan, ai sai a ƙara kaɗan a samu ɗaki sukutum. Shi ya sa a Fulorida, inda ƙasa ba ta daskarewa kuma ruwa na kusa, da wuya ka ga gida mai besmen. Mu ma babu abin da ya tilasta mana yin zurfi haka.

Abu na biyu da za a riƙe shi ne halin ƙasa. Ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta saurin sakinsa. Zafin rana da sanyin dare ba su cika wuce rabin mita ba. Bambancin bazara da hunturu ya fi nitsewa, amma shi ma yana raguwa da zurfi, kafin a kai mita 10 ya kusa ɓacewa. Can ƙasa zafin yana tsayawa ne kusa da matsakaicin zafin garin na shekara. Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san wannan: da sanyin safiyar hunturu ruwan da ɗumi, da tsakar ranar bazara kuma da sanyi. Ruwan bai canja wani abin kirki ba, saman ne ya canja. A Toronto matsakaicin nan wajen digiri 9 ne, a Kano wajen 26. Ku riƙe lambobin nan biyu, za mu dawo kansu.

Yanzu ga gida a Toronto da hunturu. Ana ƙona gas don a riƙe cikin gida a digiri 20, waje kuma 10 ƙasa da sifiri. Bangon besmen kankare ne mai kaurin santimita 20, kuma a ce santimita 60 na samansa ya leƙo waje. Kankare, duk da ƙarfinsa, rago ne wajen tare zafi. Idan aka haɗa da 'yar iskar da ke manne a fuskokinsa biyu, kowace murabba'in mita na wannan bango tana zubar da wajen wat 3.4 a kan kowane digiri na bambanci. Gidan da kewayensa mita 40 ne, sashen da ya leƙo murabba'in mita 24 kenan. Ninka 24 da 3.4 da digiri 30, za ka samu wajen wat 2,450. Kamar ka kunna dutsen guga biyu da rabi ne ka ajiye su a waje dare da rana. Ba mu ma lissafa abin da ke sulalewa ta sashen da ke binne ba. Manna masa soson gini mai kaurin santimita 5, sai 3.4 ɗin nan ya sauko zuwa wajen 0.5, asarar ta koma wat 360. Wannan soson na santimita 5 yana tare zafin da sai kankare mai kaurin fiye da mita 2 da rabi zai tare. Ka ga dalilin da ya sa kowa ke ɗokin farawa da shi.

Sai dai bangon da ke cikin ƙasa ba irin na sama ba ne. Ruwa na zuwar masa ta hanya uku, kuma kowace da maganinta.

Ta farko ruwan sama, kuma mafi yawansa daga rufin gidan kansa yake fitowa. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce cif. Rufi mai murabba'in mita 100, a yi ruwa milimita 25, lita 2,500 kenan, jarka 100 ta mai ruwa. In indararo a gindin bango yake zuba, duk jarkokin nan a jikin ɗakin ka juye su. Ga shi kuma ƙasar da aka mayar a gefen bango bayan haƙa ba ta kai ta asali tauri ba, sai ta zama kamar kwatarniya ta tara ruwan. Maganin ba shi da tsada: a ja bututun indararo ya yi nesa da bango, a kuma yi wa ƙasa gangara. Dokar ginin gidaje da yawancin jihohin Amurka ke bi ta ce ƙasa ta sauka inci 6 a cikin ƙafa 10 na farko, wato santimita 15 a mita 3. Aikin shebur da baro ne. A ganina wannan shi ne gyaran da ya fi kowane riba a duk darasin nan, amma ba wanda ke ɗaukar hotonsa, don ba ya ƙyalli. Inda ruwan ƙasa ya yi yawa sai an ƙara da bututu mai huji-huji a gindin fandisho, a lulluɓe shi da tsakuwa, ya kai ruwan wani ɗan rami, injin jan ruwa ya fitar da shi.

Ta biyu naso. Kankare da bulo cike suke da ƙananan ƙofofi, suna tsotsar ruwa kamar lagwani. Mun san shi a gidajenmu, inda fenti ke kumbura a gindin bango, farin gishiri ya fito. Ana tare shi da shafa kwalta ko manna shimfiɗar roba a bayan bango, da shimfiɗa tsakuwa da leda kafin a zuba daɓen kankare.

Ta uku ita ce ke ruɗar mutane, wato raɓa. Ɗauko kwalbar lemo daga firji ka ajiye a tebur, nan take ta yi gumi. Ruwan ba daga cikin kwalbar ya fito ba, daga iska ne. Da bazararsu, iskar waje tana iya kai digiri 27 da danshi kashi 70 cikin 100. Irin wannan iskar in ta taɓa abin da ya gaza digiri 21 sai ta zubar da ruwa. Bangon besmen kuwa, tunda ƙasar bayansa sanyi gare ta, yana iya zama a digiri 15. Sai mai gida ya ji ɗakin na warin danshi, ya buɗe tagogi wai ya sha iska. Ruwa ya ƙara shigarwa kenan da hannunsa.

Akwai gwaji mai sauƙi na rarrabe naso da raɓa. Yanki leda mai faɗin rabin mita, manna ta a bango, ka liƙe gefunanta huɗu da salatif, ka bar ta kwana 2 ko 3. In ruwa ya taru a bayanta, daga bango yake. In a fuskarta ne, daga iskar ɗakin yake. Ledar naira nawa ce? Amma tana iya hana mutum sayen maganin ciwon da ba shi ne ke damunsa ba.

To ga abin da ke faruwa idan aka tsallake duk wannan. An daɗe a can ana kafa katako a jikin bangon, a cusa audugar gilashi a tsakani, a rufe da leda ta ciki, a buga allon silin a yi fenti. Da gani ka ce ɗakin amarya. Amma kankaren yanzu ya ƙara sanyi tunda an raba shi da ɗumin ɗaki, danshin da ke fitowa daga gare shi kuma leda ta hana shi fita. An rufe ƙofa da ɓarawo kenan. Audugar ta jiƙe ta daina aiki, katako ya ruɓe, fumfuna ta yi baƙi a inda ido ba ya gani, masu asma a gidan su yi ta fama. Bayan 'yan shekaru a ɓalle komai a kai bola. Ina maganar kare muhalli a nan? Kayan da aka saya sau biyu, an ƙera su sau biyu.

Bayan ruwa sai iska. Iska mai ɗumi ba ta da nauyi, tana hawa sama ta fice ta rufi, sai gidan ya zuƙo wata ta ƙasa don cike gurbi, kamar yadda murhu ke jan iska ta bakinsa. Ta ina take shiga? Mafi yawa ta inda katakon daɓen bene ya hau kan kankare, da inda bututu da wayoyi suka huda bango, da gefen tagogi. Ana toshe su da kumfar gini da guntayen soso. Aiki ne na kwana ɗaya ko biyu, kuma kwalliya na biyan kuɗin sabulu da wuri.

Amma fa a nan ne ake garin neman gira a rasa ido. A besmen suke ajiye tukunyar ɗumama gida da ta ruwan zafi, da yawansu gas suke ƙonawa. Wuta na buƙatar iska. In an toshe ko'ina, hayaƙin da ya kamata ya bi bututu ya fita yana iya dawowa ciki, ɗauke da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi. Mu ba baƙuwarmu ba ce: ita ce ke kashe iyali guda cikin dare idan aka kunna janareto a cikin gida, ko aka shiga da garwashi ɗaki aka rufe da hunturu. Don haka bayan toshewa sai an gwada na'urorin, an kuma kafa ƙararrawar da ke jin iskar.

Akwai kuma radon, iska mai tururin nukiliya da ke fitowa daga yuraniyom ɗin da ke cikin ƙasa da duwatsu. A fili ba ta da wani tasiri, a rufaffen ɗakin ƙasa kuwa taruwa take. Amurkawa sun farga da ita sosai ne a 1984, lokacin da wani injiniya da ke aiki a tashar nukiliya ta Limerik a jihar Fensilbeniya ya tayar da ƙararrawar gwaji, aka bincika aka tarar daga gidansa yake kwaso abin, ba daga tashar ba. Ita ce ta biyu bayan taba wajen haddasa sankarar huhu. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce a ɗauki mataki in ta kai bekarel 148 a kowace kubik mita, Kanada ta sa 200, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar 100. Maganin shi ne bututu da 'yar fanka da ke zuƙo iskar daga ƙarƙashin daɓe su fitar da ita ta saman rufi. 'Yan uwanmu na Jos da sauran wuraren dutsen giranit, wannan sakin layin naku ne, don irin wannan dutsen yana cikin masu fitar da ita.

Sai yanzu muka iso makarin zafi. In sabon gini ne, ya fi kyau a sa shi ta waje, don bango ya zauna da ɗumi kuma a bushe. In tsohon gida ne, haƙe kewayensa tsada gare shi, sai a yi ta ciki: soso mai tauri a manne kai tsaye a jikin kankare, a liƙe duk mahaɗa don kada iskar ɗaki ta zagaya bayansa, kuma ba a ƙara leda a kai. Daga nan a rufe shi da allon jifsam mai kaurin rabin inci, domin soso yana cin wuta kuma hayaƙinsa guba ne.

Wane soso? A nan ne maganar muhalli ke da ɗan murɗiya. Shekaru da yawa ana hura soson nan mai launin shuɗi ko ruwan hoda da wata iska mai suna HFC-134a, wadda kilo 1 nata ke ɗumama duniya kamar kilo 1,430 na kabon dayoksaid. Wato kana rage hayaƙi ta hannun dama kana sakin wani ta hagu. Yarjejeniyar Kigali ta 2016, wadda ƙari ce a kan ta Mantiriyal ta 1987, ita ta sa ƙasashe suka shiga rage irin waɗannan iskoki, kamfanoni suka koma wasu masu sauƙin illa. Farin soson nan mai ƙwaya-ƙwaya, irin wanda ke zuwa a kwalin talabijin, da fentan ake hura shi, illarsa kaɗan ce. Akwai kuma allon audugar dutse, wanda ba ya cin wuta. Mai saye ya karanta takardar kayan, kada ya tsaya ga launin kore da aka buga a jikin kwali.

Sauran gyare-gyaren ba sa buƙatar dogon bayani. Ɗakin duhu gare shi, fitila a kunne take wuni, don haka ƙwan LED mai wat 9 a madadin tsohon mai wat 60. A naɗe bututun ruwan zafi. A riƙe danshin ɗaki ƙasa da kashi 60 cikin 100. Akwai injin tsotse danshi, amma yana shan ɗaruruwan wat, kuma wanda ya gyara indararonsa ba zai kunna shi sosai ba. Abin da ya fi burge ni shi ne tukunyar ruwan zafi mai aiki kamar firji a juye: tana zuƙar ɗumin iskar ɗakin ta zuba a ruwa, tana cin rabi ko sulusin wutar da tsohuwar hita ke ci, sannan ta busar da iskar a matsayin gyara. Babbar ribar muhalli kuwa ita ce ɗakin kansa. Siminti na fitar da wajen kashi 8 cikin 100 na kabon dayoksaid ɗin da duniya ke fitarwa, saboda haka mayar da besmen ɗin da ke akwai ya zama wurin zama ya fi zuba sabon kankare.

Sai dai in mutum zai kwana a ciki, dole a yi masa taga ko ƙofar tsira. A watan Satumba na 2021, da ragowar guguwar Ida ta sauke ruwa a birnin Niyok, mutum 11 suka mutu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ruwa ya cika su kafin su fita. Da yawa irin ɗakunan nan ne da ake ba talakawa da baƙi haya ba tare da izinin hukuma ba. Mai shirin tafiya waje ya duba hanyar fita ta biyu kafin ya duba kuɗin haya.

Mu dawo kan 9 da 26. A Toronto ƙasa na satar ɗumin gida. A Kano, ranar da ma'auni ya nuna digiri 40 a watan Afrilu, ƙasar da ke digiri 27 ko 28 kyauta ce. Mutanen ƙasashen zafi sun daɗe da sanin haka. Tsofaffin gidajen Bagadaza suna da ɗakin ƙasa da suke kira sirdab, nan iyali ke sauka su yi ƙailula. A Matmata ta Tunisiya gidajen a rami suke. A garin Kuba Pedi na Ostireliya, masu haƙar duwatsu masu daraja a cikin dutse suka fafe ɗakunansu. Namu iyayen ba su haƙa ba, sai suka ɗaga ƙasar sama: soron tubali mai kaurin bango da rufin azara aikinsa ɗaya da wannan, yana jinkirta zafin rana har dare ya yi.

To in aka ba ka aikin ɗakin ƙasa a nan, kada ka kwafi zanen littafi ido rufe. In ba na'urar sanyaya ɗaki za a sa ba, lulluɓe bangon da ke binne da soso raba ɗakin ne da sanyin da aka haƙa don shi. Sashen da ya leƙo rana da rufin sama su ne ke son makari da inuwa. Raɓa ma ba za ta dame mu kamar su ba, tunda bangonmu ba ya yin sanyin nasu. Amma gara za ta dame mu, don tana bin bayan soson waje ta yi hanya ba a gani. Ruwan sama kuwa ya fi nasu taruwa wuri ɗaya, kusan duka a 'yan watannin damina, Agusta ta fi kowane. Fadama ba wurin wannan aiki ba ce, haka baƙar lakar nan ta yankin Borno mai kumbura da damina ta tsage da rani. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi wa Maiduguri a Satumbar 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau ba sai an yi masa bayani ba. Kuma injin jan ruwan da Turawa ke dogaro da shi wuta yake so, mu kuwa kun san hadari na haɗuwa ake ɗauke ta. Ko dai a zaɓi fili mai gangara inda ruwan zai gangara da kansa, ko a haɗa injin da batir da sola tun a cikin kasafin aikin.

Ga aikin gida ga mai sha'awa, musamman masu neman batun furojet. A nemi izini a haƙa rami siriri mai zurfin mita 1 a inuwa, a saka bututun roba mai toshe a ƙasa, a mayar da ƙasa a danne. A zura ma'aunin zafi da zare, a toshe bakin da tsumma. A rataye wani ma'aunin a inuwa a tsayin kafaɗa. A karanta su biyun da ƙarfe 6 na safe, da 3 na rana, da 9 na dare, har mako 2, a bar kwana 2 na farko kada a lissafa su don ƙasar ta zauna. Wanda ya yi ya kawo mana lambobinsa ofishin mujalla, tare da irin ƙasar wurin da watan da ya yi gwajin, mu buga su a fitowa ta gaba.